A Filinmu Ba a Cewa Gudu

Ranar Asabar da ta rage mako guda a tafi Kankara, Alhaji Muttaka ya ja Malam Rabo gefen fili, ƙarƙashin dalbejiya, ya faɗa masa maganar da sauran 'yan ƙungiya suka kwana biyu suna taunawa sun kasa furtawa.

"Malam, ka aje taubashinka bisa benci."

Rabo ya duƙa yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure.

"Ba ƙiyayya ba ce," in ji Muttaka. "Kowa na son Baba Salihu. Amma kai ma kana gani, in ƙwallo ta zo mashi sai ya tsaya ya gaishe ta, ya tambayi mutan gida. 'Yan Sabuwa da ƙyar munka ci su. Kankara kuwa ba Sabuwa ba ce. Wanga kofi ne, ba hira ba."

"Na ji," in ji Rabo. "Zan duba."

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne Muttaka bai yi ƙarya ba.

Shi Rabo ne ya kawo ƙwallon tafiya Faskari. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da motsa jiki a firamare, ya bar aiki da murya mai tsallake katanga uku, da kuma hawan jini. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ya riƙa tattaki kullum. Ya gwada kwana huɗu ya daina, don shi ba ya iya yawo a gari haka kawai kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Sai wata rana ya ga tsofaffin wata ƙasa a waya suna buga ƙwallo da tafiya, ba mai ɗaga ƙafa biyu daga ƙasa lokaci guda. Ya yi dariya har da hawaye, washegari kuma ya sayo ƙwallo. Su huɗu suka fara a filin bayan makaranta, mutane na tsayar da babura suna nuna su. Yanzu su goma sha tara ne. Shida-shida ake yi, ba ture, ba ɗaga ƙwallo ta wuce kai, wanda kuma ya sheƙa a guje a ba abokan karawa bugu. In an tashi a zauna wurin mai shayi, kuma gaskiyar magana zaman shayin ya fi wasan tsawo.

Haka abin yake har Muttaka ya shigo. Dillalin hatsi ne a kasuwar Yankara, ya taɓa buga lamba tara a ƙuruciya kuma har yau bai yarda ƙuruciyar ta wuce ba. Shi ya kawo riguna masu lamba, shi ya nemo dattawan Kankara da na Sabuwa da suka kwaikwayi abin, shi ya sayo kofi mai hannu biyu, girman butar alwala. Tun daga nan shayi ya fara hucewa ba a sha ba. Mutanen da a da suke tafa wa wanda ya zubar da ƙwallo a bakin raga suka koma yi masa tsaki. Tsofaffi da furfurarsu, wani ma da jikoki goma, suna kumfar baki kan wa ya hana wa ƙwallo.

Akwai doka guda da ba a waya Rabo ya samo ta ba: a filinsu ba a cewa gudu. In wani ya karya ƙa'ida ya sheƙa, sai a ce, "Ƙafa, Alhaji, ƙafa!" Baƙo zai ɗauka ladabi ne. Ba ladabi ba ne. A ƙasar nan, a shekarun nan na 'yan bindiga, kalmar ba ta wasa ba ce. In aka ɗaga murya da ita a kasuwa ko a gona, ba mai tsayawa tambayar daga ina, sai an kai inda numfashi ya ƙare. Kuma saboda mutum ɗaya Rabo ya kafa dokar.

Salihu ɗan kawunsa ne, taubashinsa, tun suna yara kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Manomi ne a wani ƙauye can bayan Sheme. Shekara uku da suka wuce, da hantsi, yana gona shi da babban ɗansa Bilya, kowa a nasa ɓangaren dawar, aka kwarma ihu daga gonar maƙwabta. Kalma ɗaya ce. Salihu ya jefar da abin da ke hannunsa ya bi jama'a, yana zaton ɗan nasa na gaba. Ba ya gaba. Sai bayan kwana biyu aka iya komawa aka ɗauko gawarsa.

Daga nan iyalin suka dawo Faskari, wani ɗan'uwa ya ba su ɗaki biyu. Salihu ya shiga ɗaya ya zauna wata goma sha ɗaya. Ba masallaci, ba zaure, ba gaisuwar kowa. Rabo ya yi lallashi, ya yi wa'azi, ya kawo liman, duk a banza. A ƙarshe ya tsaya bakin ƙofa da ƙwallo a hammata, ya ce ya ji labari bawansa ya tsufa, ko tafiya ba ya iyawa, don haka zai sayar da shi ya sayi jaki. Daga ciki murya ta ce, "Wa ya hwaɗa?" Asabar ta gaba Salihu ya zo fili. Bai iya komai ba, har yau ma bai iya ba. Amma yana zuwa, yana cin ƙosai, yana tsokanar Rabo, ranar Juma'a kuma yana cikin sahu.

Duk wannan Rabo ya sani. Ya kuma san wani abin da ba ya faɗa wa kowa: yana son kofin nan. Shekara talatin da ɗaya yana kai yara gasa, sau biyu ya zo na biyu, bai taɓa dawowa gida da ko cokali ba. Yana son kofin kamar yadda mai azumi ke son ruwa, kuma yana jin kunyar son.

Ranar Alhamis ya je gidan da niyyar ya shafa wa Salihu maganar a hankali: hanya ba kyau, rana za ta yi zafi, a bari sai wani karo. Matar Salihu, Inna Adama, ta tare shi a zaure, ta sassauta murya.

"Malam Rabo, ashe da shi za ku?"

"To, ai shi ne na zo mu..."

"Kwana ukku ke nan shina zagaye tsakar gida, wai atisaye shika yi. Jiya har aski ya tahi da ƙahwarshi." Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya. "Tun da munka zo garin ga bai taɓa shiga mota ba. Ni tsoro nika ji. Ga taro, ga hayaniya, ga mutanen da ba su san shi ba. In wani ya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ita ma ba ta faɗin kalmar.

"Ba wanda zai hwaɗa," in ji Rabo. "Ni zan gaya ma alƙalin wasa, in gaya ma 'yan Kankara. Ina tsaye."

"To. Don in ya koma ɗakin can, Malam, ban san mi zai hito da shi ba kuma."

Daga ciki Salihu ya ɗaga murya. "Wane ne nan, bawana ne? Ce mashi ya shigo ya goge mani takalmi."

Maganar hanya da ta rana ta mutu a bakin Rabo. Da ya fito ya kira Muttaka ya ce masa Salihu zai buga minti goman ƙarshe, ko suna ci ko ana cin su. Muttaka ya ce Allah ya kyauta, ya kashe wayar.

An sa wasan ƙarfe goma na safe don kowa ya koma gida rana na sama. Hanyoyin nan ba sa son yamma. Filin yana bakin garin Kankara. Ta yamma gidaje ne da shaguna, ta gabas kuma, bayan raga, gonar dawa ce da ta fi mutum tsawo, ta miƙe har inda ido ya gaji. Rabo bai zaci taro haka ba. An ji tsofaffi za su buga ƙwallo, gari ya fito kallon abin dariya. 'Yan acaɓa sun jera babura, mata sun kafa kaskon awara, ga masu rake, ga masu ruwan leda, mutum ya fi ɗari huɗu. Salihu ya sauko daga mota ya dubi taron, ya dubi dawar, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce wa Rabo rigar da aka ba shi ta yi masa yawa, kuma da gani da gangan ne.

Rabo ya samu alƙalin wasa, wani matashi mai suna Shamsu, tare da kyaftin ɗin Kankara, ya fara yi musu bayani. Bai kai ƙarshe ba kyaftin ɗin ya ɗaga hannu.

"Malam, mu za ka gaya ma wannan? Mu nan 'taka ƙasa' muke cewa. Ko jikana bai isa ya hwaɗi waccan a hili ba."

"Ni usur kawai zan busa," in ji Shamsu. "Ba ruwana da baki."

Rabo ya koma wurin mutanensa. Ya toshe ƙofar da yake tsoro, sauran sai ƙwallo.

Matsalar da bai yi shirinta ba tana sanye da lamba goma sha ɗaya, sunanta Muhammad Awwal. An yi yarjejeniya ba mai shiga sai ya kai hamsin da biyar, shi kuwa wannan in ya kai arba'in da biyar to har da watannin da ya yi a ciki aka haɗa. Furfura uku ce a gemunsa, kuma duk ukun yana turo su gaba. Tafiyarsa wata iri ce. Yana kaɗa ƙugu, yana jefa hannuwa, amma in ka zuba wa ƙafafun ido za ka ga lokacin da duk biyun suke sama.

Aka fara. Minti na takwas Muttaka ya karɓi ƙwallo daga Rabo, ya juya da tumbinsa gaba ɗaya, ya sa ta a kusurwa. Ɗaya da nema. Taron da ya zo dariya ya daina dariya. Aka fara kiran sunan Kankara, aka fara dukan jarkoki, wasan ya canza fuska. Awwal ya wuce masu tsaron bayan Faskari sau biyu a jere.

"Ƙafa!" Rabo ya daka tsawa. "Rafali, ƙafa!"

Shamsu ya girgiza kai ya nuna a ci gaba. Ko bai gani ba ne, ko kuma ya ga mutum ɗari huɗu ya tuna a tsakiyarsu ya ajiye babur ɗinsa, Allah ne masani. Karo na uku golan Faskari ya tare da gwiwa, ya kwanta yana salati. Karo na huɗu ƙarfen raga ne ya cece su. Da aka tafi hutu Rabo ya bi Shamsu har inda yake shan ruwa.

"Ɗana, lamba sha ɗaya ba tahiya shika yi ba. Tun ɗazu nika ce maka ƙafa."

"Ƙafa me, Baba? Kowa da ƙafa yake wasa."

"Ka san abin da nika nuhi."

"Sauri ne yake da shi. Sauri ba laifi ba ne."

"Shekara talatin na yi ina koyar da..."

"To yau ni ke da usur."

Rabo ya dawo benci. Salihu ya miƙo masa ruwa ya ce ya zamna, jijiyar wuyansa ta tashi. Bai zauna ba, bai kuma sha ba.

Bayan hutu 'yan Faskari suka koma baya duka, suna tarewa da gwiwa, da ciki, da addu'a. Minti goman ƙarshe suka zo. Rabo ya dubi agogo ya kau da kai. Saura tara. Saura takwas. Har yanzu ɗaya da nema. Duk sanda ya juya wajen benci sai ya ga Salihu a tsaye, ya riga ya soke riga cikin wando, yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya masa. Bai kira ba, bai ɗaga hannu ba, jira kawai yake. Muttaka ya matso yana haki.

"Malam, don girman Allah. Minti shidda ne."

Sauran huɗun suka sunkuyar da kai, ba mai son a ce shi zai fita. Da ya rage minti biyar Rabo ya ɗaga hannu ya fitar da kansa.

"Tsaya baya," ya ce wa Salihu a bakin layi. "Kada ka bi shi. Tare mashi hanya kawai."

"Zamna ka ga yadda iyayengiji ke yi," in ji Salihu, ya shiga.

Rabo ya tsaya a kan layi, jama'a sun matse shi ta baya da gefe. Abin mamaki, sau biyu Salihu ya tare. Ba wata dabara, tsayuwa kawai ya yi inda ƙwallo za ta bi, ta buge shi a ƙauri ta fita. 'Yan bencin Faskari suka yi sowa, shi kuma ya waiwayo ya yi wa Rabo gwalo, tsoho da shi. Saura minti biyu. Saura ɗaya da 'yan kai. Rabo yana jin sanyin kofin a tafin hannunsa tun bai taɓa shi ba.

Sai aka zura wa Awwal ƙwallo daga tsakiya. Wannan karon bai ma wahalar da kansa da kaɗa ƙugu ba. Ya sunkuyar da kai ya zuba, dugadugansa na tashi, ya bar Salihu a tsaye kamar turke, ya nufi ragar gabas. Shamsu na biye da usur a baki, bai busa ba.

"Ƙafa!" in ji Rabo. "Ƙafa!"

Ba wanda ya waiwayo.

Bai yanke shawara ba. Daga baya ya sha neman lokacin da ya yanke ta, bai samu ba. Ya dai ji ƙirjinsa ya cika, hannunsa ya miƙe yana nuna gabas, muryar nan da ta saba tsayar da yara ɗari shida a layi ta fito gaba ɗayanta.

"Gudu! Jama'a ku duba, gudu! Gudu!"

Filin ya yi tsit na ɗan abin da bai wuce haɗiyar yawu ba. Mutum ɗari huɗu suka juya suka ga dattijo mai furfura, ido waje, yana nuna gonar dawa.

Sai wata mata ta kwarma salati, abin ya fashe.

Babura suka zube kan juna. Benci ya kife da waɗanda ke kai. Kaskon awara ya tuntsure, mai ya malale, rake ya watsu ana takawa ana faɗuwa. Uwa ta fizgi ɗa ta hannu ɗaya, wani ya bar takalmansa a inda ya tsaya. Tsofaffin da likita ya hana hawa matakala suka tsallake kwata. Muttaka ya wuce da tumbinsa, Shamsu ya yar da usur, Awwal ya bar ƙwallo taku uku daga raga ya yi kwana. Can cikin gari aka fara jin ƙarar ƙofofin shaguna. Wani yana ihu, "Sun zo! Ta gabas!" wani kuma har ya ga babura ashirin da idonsa. Aka bangaje Rabo ya faɗi, ya tashi da ƙasa a baki.

"Ba kowa! Ƙwallo nika nuhi! Ku tsaya!"

Duk ɗaga muryar da ya yi ƙara musu ƙaimi take yi. Kowa ya yi yamma, wajen gari.

Mutum ɗaya ne ya yi gabas.

Rabo ya ga bayan rigar da ta yi wa mai ita yawa. Salihu, mai tsayawa gaida ƙwallo, yana gudu, gudu na gaske, hannuwa na watsuwa, ya wuce raga, ya kutsa cikin dawa. Kuma yana kiran suna.

"Bilya! Bilya!"

Shekara ashirin da takwas Bilya ya yi a duniya, Rabo bai taɓa jin sunan a bakin ubansa ba. Ɗan fari ne, Salihu kuwa mutumin da ne mai kara, "wancan" yake ce masa, ko "yaron nan". Ko ranar da aka binne shi bai faɗa ba. Yau ga shi yana kwarara sunan a gonar mutanen Kankara.

Rabo ya bi shi. Cikin dawar zafi ne a kulle, ba iska, ganye na yankar fuska. Ba ya ganin komai sai kara, yana bin ƙarar karyewarsu da sunan da ke ta nisa yana dusashewa. Takalminsa ɗaya ya maƙale a laka ya bar shi. Ƙirjinsa na suka, ya tuna hawan jininsa, ya tuna kuma bai da ikon tsayawa. Can ciki sosai ya same shi a durƙushe tsakanin kunyoyin dawa biyu, yana buɗe karare da hannu, kara ya yanke shi a tafi jini na bin gwiwar hannunsa.

"Salihu."

"Ta nan shike. Kai bi ta can, ni in bi ta nan. Maza, kahin su iso."

"Salihu, tsaya."

"Bai ji ba ne. Kunnenshi na dama ba shi ji sosai, tun shina yaro. Ni na sani. Ran nan ma na sani, na kai bakin rahi na tuna, ban koma ba." Ya yunƙura zai tashi. "Bilya!"

Wannan Rabo bai taɓa ji ba, kuma ya tabbata Adama ma ba ta taɓa ji ba. Ya durƙusa ya riƙe kafaɗun taubashinsa. Akwai magana mai sauƙi a kusa: wani ne ya yi ƙarya, an duba ba kowa. Salihu ya juya baya lokacin, bai ga bakin da ya buɗe ba. Rabo ya ɗauki maganar har ta zo harshensa, ya ga ba zai iya ba.

"Ba kowa. Ba wanda ya zo. Nan Kankara ce, wurin ƙwallo. Ni na hwaɗa."

Salihu ya dube shi. Numfashinsa na fita da ƙara. Ya dubi lambar da ke ƙirjinsa, ya dubi dawar, ya kama zangarniya ɗaya ya juya ta, ya ga ba irin tasa ba ce.

"Kai?"

"Lamba sha ɗaya ne ya... rafali ya ƙi busawa. Ni na hwaɗa."

Rabo ya shirya wa mari, ya shirya wa Allah ya isa. Salihu ya zauna a kan kunya ya zuba wa hannunsa ido.

"Ka san mi, Rabo? Da na ji, daɗi na ji. Wallahi daɗi na ji. Na ce Allah ya maido mani ranar." Ya goge jinin a wando. "Na ce yau ba ni tahiya sai da shi."

Rabo ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba ko ranar jana'izar. Ya tsani kansa, ya tsani muryarsa, ya so a ce ƙasar gonar ta buɗe. Salihu bai lallashe shi ba, bai kuma tsawata masa ba. Ya jira ya gama, sannan ya ce a kai shi gida.

Da suka fito jama'a sun fara dawowa, kuma tsoron ya juye fushi. Mai awarar, Fatsuma, ta ƙone a ƙafa. Wani ɗan acaɓa ya karye a hannu. Matasa suka yo kan Rabo, sai da kyaftin ɗin Kankara da dattawansa suka yi masa katanga da jikinsu. Ya bi waɗanda suka ji ciwo ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, takalmi a ƙafa ɗaya. Wasu suka yafe, wasu suka kau da kai. Ba a ƙarasa wasan ba, ba kuma wanda ya tambayi wa ya ci. A mota, daga Kankara har Faskari, ba wanda ya yi tari. Salihu ya sauka a ƙofar gida ya shige bai waiwayo ba.

Washegari da hantsi Rabo ya yi sallama a zauren. Adama ta fito, idanunta sun kumbura.

"Tun da kunka dawo ya shiga bai hito ba. Ko asuba cikin ɗaki ya yi ta. Abincin jiya na nan bakin ƙohwa yadda na aje." Ta gyara mayafi. "An ce wani ne ya hwaɗi kalmar. Na tambaye shi ko wane ne, ya ce bai gani ba. Ni kuwa tun jiya nika kai ƙarar mutumin ga wurin Allah. Kai kana wurin, Malam. Ka gan shi?"

"Ni ne."

Ta dube shi kamar wani yare ya yi.

"Ni na hwaɗa, Adama."

A waje wani mai kalanzir ya wuce yana talla.

"Shi ya sani?"

"Ya sani."

"Kuma ya ce mani bai gani ba."

Ta juya ta shiga. Rabo ya ji takunta har bakin ɗakin, ya ji ta ƙwanƙwasa, ta ce a hankali, "Malam, ga Malam Rabo nan ya zo." Ya kasa kunne. Har ya fara zaton ba za a amsa ba. Sannan muryar ta fito ta bayan ƙofar da ba a buɗe ba, a natse, da ladabin da ake yi wa baƙo.

"Ce mashi an gode da zuwa. Allah ya huta gajiya."

Shekara sittin suna tare, Salihu bai taɓa yi masa godiya ba sai yau.